Kuskure Dubu Uku

A Shomolu nake ɗinkin littafi,
bayan shagon mai gyaran janareto,
inda tawada ke bin kwata in an yi ruwa,
baƙa wuluk, har kaji sun saba da ita.

Baba Damasiyo ya tsufa tare da injin,
yatsunsa sun rine, sabulu ya sallama.
Yana da akwatin dalma a ƙarƙashin tebur,
baƙaƙen da aka yi wa ritaya tun ban zo Ikko ba.
In an ɗauke wuta sai ya jawo shi,
ya zuba min harufa a tafi kamar tsabar gero,
ya ce, Tanimu, ji nauyinsu.
'Yan tsakuwan nan su suka tsaga coci biyu.

Ya ce can ƙasar Turawa, shekara ɗari biyar baya,
littafin Allah na kulle a bakin limamai,
cikin harshen da manomi ba ya ji.
Wani ya narka dalma, ya matse takarda,
wani ya fusata da masu sayar da gafara.
Fushin da zai mutu a ƙauye guda
ya hau inji, ya kwana gari arba'in.
Maƙeri ya karanta, matar mai burodi ta karanta,
kowa ya ɗago kai da tambaya a baki.
Sai aka shiga ƙona takardu.
Da takardu suka ƙi ƙarewa, aka koma kan mutane.

Shi ɗan Katolika ne, yana faɗi yana jan carbinsa,
bai zagi kowa ba. Ya ce inji ba shi da ɗarika,
wanda ya biya kuɗin takarda shi ne limaminsa.

Makon Ista aiki biyu suka haɗe mana,
addu'o'in Maryamu na Madam Nkiruka
da waƙoƙin majami'ar Fasto Ogundipe,
girma ɗaya, takarda ɗaya, ranar karɓa ɗaya.
Wuta ta tafi tun magariba.
Na yi ta ɗinki da fitilar waya a haƙora,
barci na ja, sauro na ja,
na ɗebi cikin wannan na cusa a bangon wancan.
Dubu uku. Da asuba aka loda a danfo.

Na tuna kakana Malam Ilu a Zariya,
mai kwafar littafi da alƙalamin gamba,
damina biyu a kan littafi guda.
In hannunsa ya zame, kuskuren ɗaya ne tal,
ya kankare da aska, ya yi istigfari.
Ni nawa ya hau mota, ya bi doguwar gada,
ya sauka Obalende, ya kutsa Ajegunle
kafin in gama alwala.

Kwana tara shiru.
Ran na goma Fasto ya iso jiƙe da gumi,
ya riƙo littafin kamar ɓera ta wutsiya.
Mawaƙansa sun buɗe shafi na sha bakwai
sun tarar da Maryamu zaune tana jiran su.
Madam ta biyo baya, ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce wata tsohuwa a cocinsu
ta haddace waƙar da ke tsakiya,
ta hana nata, ta ce da shi take kwana.

Aka yanke min albashin wata biyu.
Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce abin da ya gagari sarakuna da takobi
ga ɗan Arewa ya ɗinke da zare cikin duhu.

Yanzu farkewa muke, ɗaya bayan ɗaya,
ni da aska, shi da tabarau a kan hanci,
wannan tuli na Madam, wancan na Fasto,
kowa mu mayar masa da sallarsa.
Mun kai dubu biyu da ɗari tara da 'yan kai.
Sauran na cikin gari.
Jiya Baba ya sake ƙirgawa, ya dube ni,
ya ce na tsohuwar nan kada in sa shi a lissafi.