Amsar Saƙon Rumasa'u

Bayan la'asar, a bakin shagon caji a Kakuri,
na kanga wayar a kunnena mai ji,
ɗayan, injin saƙa ya cinye shi tun tuni.
Muryarki ta taso, Rumasa'u,
da ƙarar jirgin ƙasa a bayanta, da wani yare.

Kin ce ku bakwai aka haɗa rukuni guda:
ɗan Indunusiya mai yawan murmushi,
'yar Kazakistan da ba ta cin barkono,
wani ɗan Masar mai katse wa mutane hanzari,
aka ce ke za ki ja ragama.
Kwana uku ba ki yi barcin kirki ba,
kowa da agogonsa,
kowa da abin da yake nufi in ya ce "to".

Na yi dariya har Bulus mai faci ya ɗago kai.

Kin ce malaminku ya zana duniya a allo,
ya ja kibiya daga gonar auduga zuwa tashar ruwa,
daga tashar ruwa zuwa kantin da ba ki taɓa gani ba,
ya ce shugaba shi ne mai hango zare
kafin ya tsinke.
Ranar Talata aka kai ku masaƙa a Bursa.
"Baba, injuna ɗari biyu, mutum tara kacal,
daɓen kamar ka zuba tuwo ka ci."
Sai kika yi shiru.
Na san shirun nan. Na mahaifiyarki ne.

Ga tamu can tsallaken titi, 'yata,
wadda ta sha shekara goma sha tara daga jinina.
Rufi ya yaye, ciyawa ta kai ƙugu,
jemagu ke shiga aikin dare yanzu.
A da, in jiniya ta yi kuka ƙarfe biyu,
kekuna kamar fara har bakin gada,
mai kunu, mai ƙosai, mai ɗinkin takalmi,
kowa na lasar arzikin zare.
Ranar da aka garƙame ƙofa,
manyan da suka yo karatu a waje
ba wanda ya fito ya dubi idonmu.
Takarda suka liƙa.
Ruwan sama ya riga mu karanta ta.

Ban san abin da ke cikin littattafanku ba.
Ni dai mutum goma sha biyu na riƙe a layi na huɗu,
Tibi, Nufawa, 'yan Bajju, da Lasisi Bayarabe.
Na san wanda ɗansa ke kwance a asibiti,
na san wanda ba a yi wa gyara gaban jama'a.
Ɗan Masar ɗin nan, ba shi buɗe taro,
mai ƙaiƙayin baki, in ya fara, sai ya huce.
Ki tambayi 'yar Kazakistan me ake dafawa a gidansu,
ki saurara har ta gama.

Kibiyoyin kuma ki hardace su duka,
don su na sayar da filin Gonin Gora.
Amma in wata rana ƙofa ta zo rufewa a hannunki,
ki fito da ƙafarki.
Ki kira sunaye.

Na danna in aika,
wayar ta ce kuɗina sun ƙare.
Bulus ya goge hannu a wando,
ya miƙo tasa,
ya ce in sake faɗa daga farko,
shi ma bai ji wajen jemagun sosai ba.