Harshen Nazifi

Ƙarfe huɗun asuba nake barin Agege,
kafin danfo ya fara zagin gari da hon,
in tarbi motocin Arewa a kasuwa,
in sauke kankana, in ƙirga lemo,
in goge mangwaro har ya yi kamar zai yi magana.
Shekara tara ina ce wa matan Legas,
"Saya wa yara, yana gyara jini."

Nawa yaron kuwa,
ɗari biyu nake ajiye masa a ƙarƙashin kofin shayi,
in fita ina jin na sauke nauyin uba.

Ran Laraba Malama Bimpe ta aiko a kira ni.
Na bar wa Ɗanliti teburi,
na tafi ina haɗa haƙurin kuɗin makaranta a baki.
Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba
ta ce, "Nazifi, buɗe bakinka."

Harshen ɗana shuɗi,
kamar an tsoma shi a marina.

Ta ce, "Kullum haka.
Da an dawo daga hutun goma sai ya hau benci,
ya ja wa Kunle kunne,
ya yi ta dariya ba a yi abin dariya ba.
Rabin sa'a, sai a ɗauke masa wuta:
kai a kan teburi, miyau a kan lissafi.
Yaronka ba daƙiƙi ba ne, Malam.
Cikinsa ake yi wa ƙarya."

Na tsaya a bakin ƙofar makaranta
na ga abin da ɗari biyu take saye:
alewa mai rini,
jan ruwa a leda da bai san sunan itacen da ya fito ba,
biskit ɗin da iska ta fi shi yawa a cikin takarda.
Ni da nake kwana da ƙamshin abarba a riga.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Sai na tuna Inna a Kura,
tana cusa mini aya da gyaɗa a aljihu,
tana cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Ban gane da karatu take ba sai a Legas.

Daren nan Tabawa ta wanke tsohuwar robar madara.
Dafaffen ƙwai ɗaya, ayaba ɗaya,
ƙullin gyaɗa, dabino uku.
Nazifi ya yi kuka har maƙwabta suka leƙo.

Makon farko ƙwan ya dawo gida da ɓawonsa.
Na biyu, ya sayar wa Kunle ayabar
a kan alewa biyu.
Ɗan mai kasuwa ne, ban yi mamaki ba.
Na uku, Kunle ya kamu da son gyaɗa,
uwarsa ta tare ni a tasha
tana tambayar nawa ne mudu.

Ba zan ce ya zo na ɗaya ba.
Daga na talatin da ɗaya ya dawo na ashirin da huɗu.
Har yanzu yana da surutu,
wannan gadon gidan su Tabawa ne.
Amma idonsa biyu har a kaɗa ƙararrawar tashi,
yana karanta mini rubutun bayan danfo,
har wanda da ma bai karanta ba.

Yanzu, kafin in jera wa Legas kayanta,
lemon da ya fi kyau,
wanda nake ɗorawa a kan tsibi don ya kira mai saye,
shi nake jefawa a aljihu.
Ɗanliti ya ce asara ce.
Na ce ya rubuta a littafin bashi.

Jiya na hana shi fita ƙwallo,
ya juya ya yi mini gwalo.
Tabawa ta ɗaga muciya.
Na riƙe hannunta, ina kallo:
harshe ne, ja, irin na mutane.