Jan Gam

A ture aka kawo shi, ranar kasuwar Jega,
buhun albasa biyu ɗaure a bayansa.
Arzika na gumi, yana tsine wa mai sayar da baƙin mai
tun daga kwanar Aliero.
Na ce, zauna ka sha ruwa,
bari mu ji ta bakin babur ɗin.

Na taka kik, ya ƙi sauka,
kamar an zuba masa siminti a ciki.
Na kwance fulogi, na duba bakinsa:
bai jiƙe ba, bai yi baƙi ba,
launinsa na gasasshiyar masara.
Wuta ta fita zargi. Kabureta ma na sallame ta.

Labbo, miƙo tasa.
Mai ya sauko, cikakke, da kaurinsa,
sai dai da na murza shi tsakanin yatsu
na ga ƙyalli kamar na kwalli.
Ƙarfe ya ci ƙarfe a wani wuri.

Na buɗe kan inji.
Nan wari ya tarbe ni, warin tukunyar da aka manta a wuta.
Kamshaf ya yi shuɗi don zafi,
ya rungume mazauninsa, ya ƙi saki.
Mai cike a ƙasa, sama na ƙishirwa,
kamar shukar bakin gulbi da ta bushe
ruwa na wucewa tana gani.

Famfon mai lafiyarsa lau.
To me ya tare hanya?
Na ɗauko siririyar waya,
na zura ta ramin da mai ke hawa,
ta tafi, ta tafi, ta tokare.
Na jawo a hankali.

Jan gam.
Guntu ne, bai kai ƙwayar dawa ba.

Labbo ya dube ni, ya sunkuyar da kai.
A duk layin nan ni kaɗai ke aiki da ja.
Na tuna yammacin, ana jibi Salla,
gasket ya ƙare, babura bakwai na jira,
na lafta gam kamar mai yaɓen ɗaki,
na ɗaure, na karɓi kuɗi, har da godiya.

Arzika na can yana lissafin
abin da zai faɗa wa mai baƙin mai.
Sifana ta yi mini nauyi a hannu.
Na kira shi, na ɗora guntun a tafinsa,
na ce, ga ɓarawon, kuma ɗan gidan nan ne.

Ya daɗe yana juya shi.
Ya ce, Tunau, da ka yi shiru wa zai sani?
Na ce, yaron nan na kallo.

Kwana biyu muka yi.
Muka wanke kowane ƙarfe da fetur,
muka jera su bisa kwali yadda suka fito.
Sabon kamshaf daga aljihuna,
kuɗin da na tara don kwanon rumfa.
Na busa kowane rami da bakina har na ji iska ta ratsa.
Gasket busasshe, ba ɗigon komai.
Na daidaita alamar tamin, na auna tazarar bawul,
noti kuwa, wannan sai na ƙetarensa,
kaɗan-kaɗan, ba a ɗaure inji da fushi.

Ban rufe murfin sama ba.
Na ce Labbo ya taka.
Ɗaya. Biyu. Ya yi tari, ya kama,
muka haɗa kai muna leƙe
har mai ya ɓullo, ya malale ƙarfe,
ya fantsamo mini a gemu.

Na ce, mako guda kada ka matsa masa,
buhu ɗaya, ba biyu ba.
Ya hau, ya ce zai biya ta wurin mai baƙin mai,
akwai zagin da zai karɓo.

Bayan ya tafi na ga albasa biyar a kan benci.
Labbo ya riga ya jefa gam ɗin a kwata.