Inda Goɗiya Ta Tsaya

Daren Juma'a na rufe shagon walda,
na runtse ido, tartsatsi bai daina tashi ba.
Asubahin Asabar muka ɗaura sirdi, ni da Jatau,
muka bar Doguwa tana hamma,
muka nufi duwatsun Riruwai.

Nawa akawali ne, ɗan shekara huɗu,
kansa a sama, hankalinsa a ƙafa.
Ta Jatau goɗiya ce, haƙoranta sun tsufa,
tana tafiya kamar mai bin bashi
wadda ta san gidan da za ta.

Abin da muke nema ba shi da yawa:
ƙasar da za ta karɓi turke,
ruwan da doki zai yarda ya sa baki,
da inuwar da ba ta da mai ita.

Mai unguwa ya karɓi goronmu, ya ce,
"Kada ku wuce marken da tsawa ta tsaga,
wutarku kuma ku binne ta da ƙasa."

Gindin dutsen da muka kwana bara
bana wake ya yaɗu a kansa.
Iya Tasalla tana shanya riɗi a kan fa.
"Ku gaisa da ni," in ji ta,
"amma kada dawakinku su gaisa da wakena."
Muka yi dariya, muka ja linzami.

Gaba kaɗan, tsohon ramin kuza,
ruwa kore, ko kwaɗo ba ya motsi a ciki.
Akawali ya sunsuna, ya yi huci, ya ja baya.
Jatau ya ce abin da doki ya ƙi sha
ba zai shiga butar shayinsa ba.

Can sama iska ce mai daɗi, sai dai falalen dutse ne,
kofato yana zamewa, zuciyata tana binsa.
Na buga turke sau bakwai.
Dutse ya mayar mini da shi sau bakwai.
Wani gwaggon biri ya zauna yana kallo
irin kallon da nake wa sabon yaron shago.

Jatau ya ɗaga waya sama yana neman taswira.
Ko sanda ɗaya babu.
Rana ta karkata, bobuwa ta dame mu,
na fara lissafin komawa gida da kunya.

Nan ne goɗiya ta tsaya.
An taɓa ta da diddige, ta ƙi.
An yi mata magana, ta kaɗa kunne ɗaya.
Jatau ya saki linzami a wuyanta,
sai ta ratse, ta bi wani burtali da ciyawa ta kusa haɗiyewa,
gamba tana dukan likkafa,
har muka ɓulla tsakanin duwatsu biyu.

Kanya guda.
Ruwa yana tsattsafowa daga tsagin dutse,
siriri kamar zaren ɗinki.
Duwatsun murhu uku, baƙi ƙirin,
wani ya taɓa gajiya a nan kafin mu.

Turke ya shiga da bugu biyu.

Na kwance majanyi, bayan akawali yana tururi.
Muka dama dusa da kanwa,
su suka ci kafin mu.
Bayan isha'i babu janareta, babu guduma,
sai ƙarar haƙoran dawaki a kan harawa,
sai fakara can ƙasa da ta makara.
Na kwanta a tabarma, na runtse ido.
Duhu ne zalla.
Rabona da shi an jima.

Lahadi muka hau har inda marke ya tsage,
muka juyo, kamar yadda aka ce.
Na binne toka da hannuna.

Litinin wani ya kawo ƙyauren ƙarfe,
ya ga ƙarangiya a bakin wandona,
ya ce, "Ina kuka kwana?"
Na sa baƙin gilashi, na kama waya.
Na ce masa ban san sunan wurin ba,
wadda ta sani tana turke a gidan Jatau,
tana cin harawa.