Ƙidayar Tungar Maje

Sun ba ni takarda mai layi-layi,
da biro biyu, da allin sa wa ƙofa lamba,
suka ce, "Arzika, je ka ƙirgo mutanen Tungar Maje,
kowane kai biyu, gidan sauro ɗaya."
Na ɗauka aikin wuni guda ne.

Gidan farko, Inna Hajo na tsintar albasa a zaure,
tana ware ruɓaɓɓu daga na kai wa kasuwar Goronyo.
Na ce, mutum nawa ke kwana a nan?
Ta ce, "Da damina ko da rani?"
Takardata ba ta da gurbin wannan tambaya.

"Da damina mu sha huɗu ne.
In gero ya shiga rumbu, maza su tai kudu.
Modi na tura baro a Ibadan,
Jabbi na can inda bakina bai iya sunan garin ba.
Sai mu shida, da akuya mai ciki."
Na rubuta shida.
Ta leƙo, ita da ba ta yi boko ba,
ta ce, "Wanda ka aiko muna kuɗin magani,
shi ba ɗan gida ba ne?"
Na soke. Na rubuta sha huɗu. Na sake sokewa.

A firamare aji uku ba rufi,
biyun da suka rage mutanen Gidan Cindo ne a ciki,
waɗanda suka baro garinsu tsakar dare
da tukunya a kai, tun daminar bara.
Lissafin malam na nan a allon bango,
ƙarƙashinsa an kafa murhu.
Mai gari ya ce baƙi ne, kada in sa su.
Sauro dai bai ce baƙi ne ba.

Famfon burtsatse ya karye tun kafin azumi.
Sai tsohuwar rijiya mai gaba ashirin,
inda na ƙirga jarka talatin da ɗaya
kafin hantsi ya yi zafi.
Wata yarinya ta ce in rubuta jakinsu,
ai shi ma ruwan yake jira.

Malam Boyi ya lissafa mini da yatsu,
ya sa har da Kulu, wadda ta rasu shekara uku.
Jikarsa ta taɓa shi. Ya ce, "Na sani.
Yatsan ne bai saba tsallake ta ba."

A gidan Nomau akwai jaririya, kwana huɗu.
Na ce, in sa ta?
Ya dubi ƙasa, ya ce, "Bari ta kai bakwai."
Ban tambayi dalili ba.
Asibiti na hayin gulbi,
mai kwalekwale ba ya tashi bayan magariba,
kuma sau biyu Nomau ya sayi rago bai yanka ba.
Na ɗiga mata ɗigo a gefen layi,
ƙarami, kamar ƙwayar gero ta faɗo a takarda.

Da la'asar na zauna gindin gawo na tara.
In na bi mai gari, ɗari takwas da sha biyu.
In na bi Inna Hajo, dubu ta wuce.
In na bi Malam Boyi, ba takardar da za ta ɗauke su.
Magatakarda ya ce shi lamba ɗaya yake so,
na ba shi ta tsakiya, ya buga hatimi.

Gidajen sauron sun zo, ɗari uku, ba su kai ba.
Inna Hajo ta tsaga nata biyu,
rabi ga jikoki, rabi ta rufe irin albasa.

Ran Talata wani yaro ya zo a keke
da goro biyu a ƙulle cikin leda:
an yanka ragon Nomau, sunanta Balki.
Takarda ta riga ta tafi Sakkwato.
Na nemi ragowar allina,
na koma ƙofarsu, na ƙara ɗaya.