Kwaɗon Taliya

Ranar da likita ya hana ni dunƙule
na dawo gida kamar wanda aka ƙwace wa keke.
Shekara sittin da ɗaya harshe ya saba,
yau a ce miya ba dunƙule?
Hansatu ta dube ni ta wutsiyar ido:
"Hawan jinin naka ne, Malam, ba nawa ba.
Ga madafi can, ba a kulle yake ba."

Da sassafe na nufi Lamingo,
sanyin Jos yana cizon kunnuwa.
A bakin ruwa Kaneng ke da lambu,
kashin kaji da toka ne duk takinta.
Ta ciro latas, na ga ganyen da huji,
na ce, "Wannan ai an riga ni ci."
Ta ce, "Abin da tsutsa ta ci ta kwana lafiya,
kai ma ci ka kwana.
Wancan na kanti, sumul kamar an yi masa guga,
tambayi tsutsa me ya sa ta ƙi shi."

Na saya. Karas da ƙasa a jikinsa,
tumatir biyar, ba mai kama da ɗan'uwansa,
kokwamba ɗaya a lanƙwashe kamar lauje,
ta ɗora mini na'a-na'a gyara.

Taliyar 'yar murji ce, ta gidan Iya Kande.
Karon farko ta caɓe. Kaji suka yi walima.
Karo na biyu na tsaya a kanta da agogo
kamar zamanin da nake aikin tasha
ina jiran jirgin Kafanchan.
Na tsane, na watsa mata ruwan sanyi, ta warware.

Saura mahaɗi, nan gizo ke saƙar.
Tsohuwar kwalbar zuma na wanke,
man gyaɗa matsar hannu, cokali uku,
lemun tsami ɗaya da rabi, na tsame 'ya'yan,
tafarnuwa, masoro, ɗan gishiri
iya abin da yatsu biyu za su ɗauka,
haka dai likita ya ce.
Na girgiza, na ajiye. Mai ya hau sama,
tsami ya koma ƙasa, kowa ya kama gabansa.
Na sake, har kafaɗata ta yi ƙara.
Suka sake rabuwa, ko sallama babu.

Hansatu ta taso, ba ta ce uffan ba,
ta daka ƙuli-ƙuli biyu har ya yi laushi,
ta zuba, ta ɗiga zuma, ta miƙo mini kwalbar.
Na girgiza.
Ya yi kauri, launin ƙasar Naraguta bayan ruwan fari.
Na zauna ina jira ya rabu.
Bai rabu ba.

Jikata Sa'ade, da ta zo hutu daga Abuja,
ta ce a can a kwanon gilashi ake kawo shi,
sunansa da tsawo, kuɗinsa ya fi sunan tsawo.
Hansatu ta ce, "Kwaɗo ne ya sa takalmi.
Uwata da rama take yin nata."

Cokali na farko, harshe ya fita neman dunƙule,
ya dawo hannu rabbana.
Na biyu sai na ji karas. Ashe da zaƙinsa?
Duk shekarun nan ina tauna shi
ban taɓa saurararsa ba.
Lemo ya yi magana, gyaɗa ta amsa,
masoro ya zo a makare, ya tsaya a maƙogwaro.
Sa'ade ta suɗe kwano da yatsa,
ta manta daga Abuja take.

Kwalbar na kan taga, da saura kaɗan a gindi.
Kaneng ta ce ranar Laraba wake zai isa tsinka.
Ina wanke cokula Hansatu ta wuce ta bayana:
"Yatsu uku ka sa a gishirin nan, Malam.
Na gani."