Hannun Mai Walda

Habiba ta tafi Kafanchan jarrabawa,
ta bar min takarda a ƙarƙashin filas:
"Ran Asabar ka wanke wa Rumaisa kai,
kitsonta ya kwana ashirin da ɗaya."

Ni da nake narkar da ƙarfe a Panteka,
na haɗa ƙyaure, na haɗa gadon asibiti,
na ce wankin kai kuma har wani aiki ne?
Na jawo daro, na ɗauko omo.

Sai murya ta tsallako katanga:
"Baban Rumaisa, wandonka za ka wanke?"
Iya Dudu ce, makitsiyar Kabala,
wadda amosanin gaɓɓai ya karɓe wa yatsu.
Ta shigo da 'yar kujerarta,
ta zauna nesa da daron.
"Hannu naka," in ji ta, "baki nawa."

"Tsefe tukuna, ka warware da yatsa.
Ruwa in ya tarar da gashi a cukurkuɗe,
ƙulli ne, sai almakashi."
Layi goma sha huɗu na kwance,
na tsinci yashin filin makaranta,
da ɓawon gyaɗa,
da wani guntun zare da ba wanda ya san asalinsa.

"Ruwan ɗumi na ce, ba na shayi ba.
Gwada da gwiwar hannu,
tafin nan naka wuta ta cinye masa ji."
Ban musa ba. Na sirka.

Sabulun salo, a tafi ake tada kumfa.
"Fatar kai ake wankewa,
gashi ya samu nasa a hanyar gangara.
Ba da farce ba, Malam!
Kan yarinya ne, ba tsatsa kake kankarewa ba."
Rumaisa ta ce, "Baba, idona!"
Na rasa inda zan sa hannu,
na hura mata kamar garwashi.
Ruwan farko ya fito ja kamar na kogi a Agusta,
na biyu ya fito da kunya,
na uku ana ganin gindin daro.

Na miƙe, na ce an gama.
Iya ta yi dariya har da tari.
Ta tura min kwano da ƙafa:
karkashi, tun safe ta jiƙa, yana yauƙi.
"Abin da sabulu ya kwashe, wannan ke mayarwa.
Shafa daga tsakiya zuwa baki,
ka bar shi ya zauna."

Muka zauna.
Motoci na wucewa a kan gada.
Rumaisa ta ba ni labarin wata Kubura
da ta ƙi ara mata abin goge rubutu tun zangon farko.
Ban taɓa ji ba.
Kullum ina fita tana barci.

"Mataji mai faɗin haƙori.
Daga ƙarshe ake farawa, a hau sannu.
Mai farawa daga tushe
shi ke tara gashin 'yarsa a bola."
Mataji ya bi, bai tsaya ba.
Na ɗauraye da ruwa mai ɗan sanyi,
na ɗauko tawul zan goge,
ta ce a'a, tsohuwar rigata mai laushi,
a danna, a matse, ba a dirza.
Sai man kaɗanya, kamar ƙwayar gurjiya,
a narkar a tafi, a bi da shi tun da danshi.

Na tufke shi gida huɗu,
a karkace, kamar taga da ba a auna ba.

Ran Litinin yarona Ɗanjuma ya miƙo min ƙarfe,
ya shinshina iska, ya dube ni, ya yi shiru.
Ran Laraba Habiba ta dawo,
ta ga tufkar, ta kama baki,
ta ce, "Zo in gyara miki."
Rumaisa ta dafe kai da hannu biyu,
ta ce sai Asabar.